Jiki Magayi: Wa Ya Lalata Kyauta?



Ranin da ya wuce, a ajinmu na yaƙi da jahilci, mun karanta wani ɗan littafi mai suna Jiki Magayi. Maza suna zuwa bayan isha'i, mata kuwa da la'asar. Kowane dare mutum guda ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, saura su saurara. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, na kusa da shi ya ɗaga shi. Haka muka yi har muka kai ƙarshe.

Na yi zaton in mun gama za mu yi ta hira kan aure da kuɗi, don da su labarin ya fara. Ashe ba haka ba. Hirar duk ta koma kan yaro guda da ke cikin littafin, da kuma yaran da ke cikin gidajenmu. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku abin da na gani mai kyau a littafin, da inda na ga ya gaza.

Asalin littafin

A shekarar 1933 aka yi gasar rubuta labari da Hausa a Arewacin Nijeriya. Wani Bature mai suna Rupert East ne ya shirya ta, yana aiki a Zariya. Littattafai 5 suka fito a lokacin: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi. Shi wannan mutum biyu suka rubuta shi: John Tafida, mutumin Wusasa kusa da Zariya, da shi East ɗin. Yau littafin ya kai shekara 90, amma wanda ya karanta sai ya ce a ƙauyensu aka yi abin.

Labarin a taƙaice

A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu. Yana da dukiya, yana da mata, amma ba shi da ɗa. Sai ya sa ido kan wata yarinya, Zainabu. Ita kuwa tana da saurayinta, Abubakar, kuma suna son juna. Abubakar ba shi da ƙarfin da zai ja da attajiri. Dukiya ta rinjaya, aka ɗaura auren Zainabu da Malam Shehu.

Abubakar ya yi rantsuwa sai ya rama. Ya bar gari, ya shiga duniya yana biɗar maganin da zai cuci Malam Shehu. Ya sha wuya ƙwarai kafin ya samu. Da ya dawo, ya tarar Zainabu ta haifi ɗa namiji, ana kiransa Kyauta, don uban ya daɗe yana roƙon Allah. Abubakar bai taɓa Malam Shehu ba. Kan yaron ya sauke maganin.

Daga nan Kyauta ya lalace. Ya zama ɓarawo, ya ja wa ubansa kunya a gari. A ƙarshe ya bar gida, ya bi manyan ɓarayi. Bayan shekaru, sata ta kai shi gidan da ubansa yake, ya kashe shi bai san shi ne ba. Yadda ta ƙare tsakanin Kyauta da Abubakar, wannan na bar muku ku karanta da kanku.

Abin da ya yi kyau

Na farko, Hausar littafin mai sauƙi ce. Wanda ya yi wata 6 a aji yana iya bin ta a hankali. Kuma ba shi da tsawo. Mai noma da kiwo, wanda ba shi da lokaci sai ɗan dare, zai iya gama shi kafin damina ta faɗi.

Na biyu, mutanen ciki irinmu ne. Ruwan Bagaja littafi ne na dariya da abin mamaki. Ganɗoki na yaƙi ne da jarumtaka. Jiki Magayi kuwa maganar gida ce: mai kuɗi da talaka, iyayen yarinya, rashin haihuwa, ƙullatar zuci. Ba wanda ya tambaye ni ma'anar waɗannan, don kowa ya san su.

Na uku, kuma shi ne babba, littafin bai wanke kowa ba. Malam Shehu ya ga yana da kuɗi, ya ƙwace abin da wani ke so. Abubakar an cuce shi, gaskiya ne, amma ya rama kan wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba. Lokacin da aka yi rigimar, ko cikin Kyauta ba a ɗauka ba. Manya biyu suka yi faɗa, yaro ya biya. Nan marubutan suka ga gaskiya, kuma suka faɗe ta ba tare da wa'azi mai yawa ba.

Inda na ga ya gaza

Ga inda na rabu da littafin. Duk lalacewar Kyauta, an ɗora ta kan magani. An ba shi magani, ya zama ɓarawo, shi ke nan. Mai karatu sai ya ce, to, ai ba yadda za a yi. Uba ba ya da abin yi, uwa ba ta da abin yi, mutanen gari ma haka. Sai a naɗe hannu a jira ƙaddara.

Ban ce babu mugunta a duniya ba. Amma na ga illar wannan tunani da idona. Yaro ya fara ɗauke-ɗauke, sai a ce an yi masa sammu. A sayar da akuya a kai wa boka. A sayar da ta biyu. Ba wanda ya zauna ya tambayi yaron da wa yake yawo, me yake sha, wa ke sayen kayan da yake ɗauka. Kuma maganar sammu tana haifar da wata fitina, don dole a nemo wanda ya yi shi. Sai a ce kishiya ce, ko maƙwabci. Gida biyu su ɓata, yaron kuwa yana nan yadda yake.

Abu na biyu, littafin bai shigar da mu cikin zuciyar Kyauta sosai ba. Mun bi Abubakar cikin daji, mun ji zafin da ke ransa. Amma yaron, daga waje muke kallonsa, kamar yadda mutanen gari ke kallon ɓarawo. Me yake ji in ya shigo fada aka yi shiru? Me yake ji in uwar abokinsa ta kira ɗanta ta ce ya shigo gida? Da an nuna mana wannan, da littafin ya fi haka nauyi.

Abu na uku ya biyo na biyu. Littafin ya ba mu mugu guda ɗaya, Abubakar. A rayuwa kuwa, yaron da ya fara karkacewa, hannu da yawa ne ke tura shi. Yawancin masu hannun ba mugaye ba ne. Iyayen wasu yara ne, kuma kowannensu yana ganin gyara yake yi.

Abin da wani dattijo ya faɗa

Daren da muka gama littafin, na tambayi aji: wa ya lalata Kyauta? Kusan kowa ya ce Abubakar. Wani ya ce Malam Shehu ne ya jawo. Ana cikin haka sai wani dattijo da ba ya yawan magana ya ce, "Malam, ni ba wanda ya ba ɗana magani. Baki ne ya kore shi, kuma da bakina a ciki." Ajin ya yi tsit, don kowa ya san zancen. Ya yarda in rubuta, muddin ban faɗi sunansa ko garinsu ba.

Ɗansa yana da shekara 16 lokacin. Ya bar lakkwal, ba ya son gona. Ya fara shan tramol tare da wasu samari a bakin tasha. Wata rana aka ga dami biyu na hatsi sun ɓace daga rumbun maƙwabci. Aka bi sawu, aka gane shi ne. Uban ya biya, ya ba da haƙuri. Ya yi niyyar kai yaron wurin kawunsa a wani gari, ya yi damina can, ya rabu da abokan.

Kafin ya yi haka, sai mutane suka shigo. Mai rumbun, ko da yake an biya shi, ya tare yaron ranar kasuwa ya mare shi gaban jama'a, yana kiransa ɓarawo. Da ma akwai tsohuwar rigimar iyakar gona tsakaninsa da uban. Iyaye uku suka hana ɗiyansu zama da shi, har suka ce in ya zo fada a tashi. Wata mata kuma, ƙawar uwarsa da aka saki, ta riƙa kiransa gidanta tana ba shi tuwo da ƴan kuɗi. Tana ce masa ubansa ba ya sonsa, tun da ya saki uwarsa. In uban ya hana shi fita da dare, sai ya tsallake danga ya kwana can.

Daga nan kome ya ɓace a gari, ko kaza ce, sunansa ake kira. Wasu abubuwan shi ya ɗauka, wasu ba shi ba ne. A ƙofar masallaci abokan uban suka riƙa ce masa, "Kai ne ka sake masa. Da ɗana ne, da tuni na kore shi." Dattijon ya ce ya kai ba ya iya ɗaga kai in ya fito. Wani dare, bayan an sake kawo ƙara, ya ce wa yaron ya fita, kada ya ƙara ganinsa. Yaron ya fita. An ce an gan shi a Agadas. Shekara biyu ke nan ba labari.

Ya ce, "Malam, ba don hatsi na kore shi ba. Don kunyar mutane ce. Ga shi mutanen nan kowa yana kwana da ɗansa, ni kaɗai ke kwana da tunani."

Masu sa baki iri huɗu

Kashegari na kai maganar ajin mata, ban faɗi suna ba. Tare da su muka tsara irin mutanen da ke shiga tsakanin iyaye da yaron da ya gagara. Mun samu iri 4.

Na farko shi ne mai rama gayya. Da uban yake rigima, ko da uwar, sai ya ga yaron ya ba shi ƙofa. Wannan shi ne Abubakar na ƙauyenmu. Ba ya buƙatar shiga daji neman magani. Mari ɗaya a kasuwa ya ishe shi.

Na biyu shi ne mai ɓoyewa. Yana jin tausayi, ko yana son a ce ya fi iyayen kirki. Uba ya hana, shi ya bayar. Uwa ta rufe ƙofa, shi ya buɗe tasa. Yaro ya gane cewa maganar gidansu ba ta da ƙarfi, tun da akwai inda zai gudu. Cikin wannan sahu har da mai sayen hatsi ko kaza hannun yaro da araha, alhali ya san ba nasa ba ne.

Na uku shi ne mai raɗa suna. Shi ba ya duka, ba ya ɓoyewa. Yana dai cewa "ɓarawon nan", "ɗan ƙwayan nan". A bakin rijiya, a wurin suna, a wurin biki. Suna yana manne wa yaro kamar ƙaya a riga. In kowa ya riga ya ce shi ɓarawo ne, me zai tsare kuma? Ba sauran mutuncin da zai ji tsoron zubarwa.

Na huɗu shi ne mai zuga uba. Shi ke cewa a kore shi, a yi masa baki, a ɗaure shi. Faɗar haka ba ta ci masa kome, don ba ɗansa ba ne. In abin ya ɓaci, ba za ka gan shi ba.

Wata mata ta ce, "Malam, to mu da muke hana ɗiyanmu bin sa fa? Laifi muka yi?" Tambaya ce mai kyau. Kowace uwa tana da ikon tsare ɗanta daga shan ƙwaya. Amma ana iya hana ɗa fita yawon dare ba tare da an yi shela a gari ba. Ana iya hana shi zuwa tasha, a bar yaron nan ya zo gida da rana, ya ci abinci, ya gaida manya. In duk gidajen kirki suka rufe masa ƙofa, ƙofa guda ce za ta rage, ita ce ta ɓarayi. Kyauta ma da ya bar gida, su ne suka karɓe shi.

Ashe ɗa ba na kowa ba ne?

Wani zai ce, ai Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Haka ne, kuma magana ce mai kyau. Amma mu duba yadda kakanninmu suka yi aiki da ita.

A al'adarmu, uba da uwa suna jin kunyar ɗan fari, ko sunansa ba su faɗi. Saboda haka aka ba wasu ikon yi masa faɗa da jan shi a jiki: kaka, kawu, gwaggo, ƙanen uba. In yaro ya gagara a gida, sai a ba da shi riƙo. Wanda ya karɓa shi ke ci da shi, shi ke tufatar da shi, shi ke koya masa sana'a. In ya yi ɓarna, shi ke biya. Akwai kuma sarkin samari, mai tara matasa wurin gayya da aikin gari. Bayan 1974, zamanin Seyni Kunce, an farfaɗo da samariya a duk faɗin Nijar, dattawanmu suna tunawa. Yaro mai ƙarfi da zafin kai yakan sami inda zai zuba ƙarfinsa, a kuma yaba masa.

Kun ga ke nan, mai cewa ɗa na kowa ne, a da, yana ɗaukar rabonsa na wahalar ɗan. Yau da yawa mun riƙe rabin maganar. Muna son ikon tsawatawa da ikon yanke hukunci, ba mu son ciyarwa da biyan ɓarna.

Ga yadda za ka gane mai taimako. Wurinka yake zuwa, ta ƙofar gida, ba wurin yaron ta bayan danga ba. Yana magana da kai ku biyu, ba gaban jama'a ba. Kuma yana kawo wani abu a hannu: "Ba ni shi ya riƙa bin amalankena," ko "Bari in kai shi wurin mai gyaran babur, na san shi." Wanda ya zo da baki kaɗai, ka gode masa, ka bar maganarsa nan inda ya ajiye ta. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Abin da aka sani yau

Marubutan Jiki Magayi sun yi aikinsu a zamaninsu. Akwai abubuwan da aka gano bayansu, waɗanda ya kamata mai karatu ya riƙe a zuci.

Likitoci sun gano cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna da balaga. Sashen gaba, wanda ke sa mutum ya tsaya ya auna kafin ya aikata, sai wajen shekara 25 yake gama ƙosawa. Shi ya sa saurayi mai shekara 15 ko 16 yake da jikin babba, amma yana yin abu kafin ya yi tunani. Kuma a wannan lokaci maganar abokai da yadda mutane ke kallonsa suna da nauyi ƙwarai a wurinsa. Wulakanci gaban jama'a yana yi masa ciwo fiye da bulala. Labari mai daɗi a nan shi ne, yawancin samarin da ke ɓarna a waɗannan shekaru suna bari in sun girma, muddin ba a yanke musu hanyar dawowa ba.

Tramol kuma maganin ciwo ne mai ƙarfi, na likita. Wanda ya saba da shi, jikinsa yana nema, in bai samu ba sai ciwon jiki da zufa da rashin barci. Yawan shan sa yana sa faɗuwa kamar farfaɗiya. Yaron da ya kamu yana sata don ya saya. Wannan ba aikin boka ba ne, kuma duka ba ya fitar da shi. A kai shi likita a faɗi gaskiya.

Ta wajen doka, tun 1999 Nijar ta kafa alƙalan yara. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a yi masa shari'a kamar babba. Doka ma ta san icce ɗanye ne, ana iya tanƙwara shi. Kuma ba ta ba maƙwabci ikon dukan ɗan wani ba, ko da ya yi sata. Akwai mai gari, akwai sarki, akwai hukuma.

Wanda ya sami dama, ya kalli fim ɗin da Aisha Maki, ƴar Damagaram, ta fitar a 2021, mai suna Zinder. Ta shiga unguwar Kara-Kara, inda a da aka ware kutare, ta zauna da samarin da gari ke tsoro. Ba labarin ƙirƙira ba ne, mutanen gaske ne ke magana da bakinsu.  Abin da kake gani shi ne rashin aiki, rashin karatu, da mutanen da aka nuna wa yatsa tun suna ƙanana. Abin da Jiki Magayi bai nuna mana ba game da zuciyar Kyauta, wannan fim ya nuna.

Ta wajen addini ma, a duba Suratu Luƙman, a ga yadda uba ke yi wa ɗansa nasiha da lallashi. A duba Suratul Hujurat, inda aka hana jifan juna da mugun suna, da bin diddigin laifin mutane, da cin naman wanda ba ya nan. Malamanmu sun fi ni sanin wannan, a tambaye su.

Ga uba da uwa

Ba na cewa a goyi bayan ɗa in ya yi laifi. In ya ɗauki na mutane, a biya, a ba da haƙuri, shi kuma ya yi aikin da zai maida kuɗin. In dami biyu ne, ya yi noman dami biyu. Amma hukuncin a cikin gida za a yanke shi, bayan zuciya ta huce, ba a ƙofar masallaci ba.

Uba da uwa su zama baki ɗaya, ko da aure ya mutu. In suka rabu biyu, nan ne na waje ke samun wurin shiga. Su zaɓi mutum guda da yaron ke jin nauyinsa, su ce masa, "Taya mu." Wanda ke ɓoye yaron kuma, a je a same shi da mutunci, a ce, "Mun gode da tuwo, amma in ya zo da dare ki maido mana shi." Wanda ya kai hannu, a kai maganar gaban mai gari, kada a rama.

Abu guda dai kada a yi, shi ne kora. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai yaro wurin kawu da sanin inda yake, wannan dabara ce. Cewa ya fita ya shiga duniya, wannan miƙa shi ne ga wanda ba ka sani ba. Tun da aka sami zinariya a Jado a 2014, hanyar arewa ta ja samari da yawa, ga kuma Libiya da Aljeriya. Mai fita da fushi ba ya barin adireshi.

Hukuncina kan littafin

Jiki Magayi littafi ne da ya cancanci a karanta a kowane aji. Gajere ne, Hausarsa a miƙe take, kuma yana sa mutanen da suka yini a gona su manta da barci. Ya faɗi gaskiya guda da ba ta tsufa: in manya suka ƙulla gaba, kan yara take sauka. Rauninsa shi ne ya sa maganin boka a inda ya kamata mu ga hannun mutane. Saboda haka in kuna karantawa, duk inda aka ce magani, ku tsaya ku tambayi juna: a garinmu, mene ne maganin? Wa ke ba da shi?

Dattijon nan da na ba ku labari, wata 8 ke nan da ya fara riƙe alƙalami. Bayan mun gama littafin ya ce in ba shi takarda. Na ce in rubuta masa, ya ce a'a, yaron bai taɓa ganin rubutunsa ba, yana son ya gani. Dare uku ya yi yana rubuta layi huɗu. Ya ba wani direba mai zuwa Agadas, ya kwatanta masa kamannin yaron. Har ranar da nake wannan rubutu amsa ba ta zo ba. Duk ranar kasuwa yana zuwa tasha.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a ajinku. Da kai ne maƙwabcin Malam Shehu, me za ka yi ranar da Kyauta ya fara sata? A garinku, wa ake kai wa yaron da ya gagari iyayensa? Cikin masu sa baki iri huɗu, wanne ka taɓa zama?

Ku rubuto mana amsarku da hannunku, ko da layi biyu ne. Allah ya shirya mana zuri'a, ya maido da na nesa gida lafiya. Wassalam.